A Sassauta Gaba, A Ɗaure Baya

A Gangara ba mu taso da kayan wasan kanti ba. Abin hawanmu keken boris ne: falankin katako, boris huɗu da makanikai suka yar, da sanda biyu a gicciye a matsayin gatari. Rairayin ƙasar Gobir ba ya barin boris ya gangara, don haka filin tserenmu barandar firamare ce mai daɓen siminti, sai kwaltar Sabon Birni idan mun bi manya cin kasuwa. Mukan jera gwangwanayen tumatir, taku biyu-biyu tsakani, kowa ya ratsa su hagu da dama. Wanda ya kaɓe gwangwani ya fita.

Gatarin gaba yana juyawa ne a kan kusa ɗaya mai noti, kuma a nan rigimar take. Ka ɗaure notin tamau, keken ya ƙi kwana. Ka sassauta, ya riƙa watangaririya har ya zubar da kai. Wani dattijo mai gyaran kekuna ne ya raba mana gardama. Ya yanko robar tsohuwar taya, ya huda ta da ƙusa mai zafi, ya sa ɗaya a saman gatarin, ɗaya a ƙasa, sannan ya ɗaure. Na ce, "Baba, wannan robar fa?" Ya ce, "Yaro, ba ƙarhe ka maido ta ba, roba ta." Da na hau sai na ji bambancin a tafin ƙafata: ina karya kwana, robar tana maido da gatarin tsakiya da kanta.

Sai da na girma, a Kano, na samu siketbod na gaske, wato allo mai tayoyi, cikin kayan gwanjo a Sabon Gari. Na kwance ƙarfen da ke riƙe tayoyinsa, wanda masu wasan ke kira turok, na tarar da dabarar dattijon nan a ciki: babbar kusa ɗaya, roba sama, roba ƙasa, washa da noti. Illa dai su sun karkatar da kusar, shi ya sa idan ka jingina nauyinka gefe ɗaya gatarin yake juyawa. Tseren ratsa gwangwanayen ma ashe yana da suna a duniya, silalom, har da ƙungiyarsa ta ƙasa da ƙasa, ISSA. Ya bunƙasa a Kalifoniya ta Amurka bayan da Frank Nasworthy ya fito da tayar roba ta yuritan a farkon shekarun 1970, kamfanonin Bennett da Tracker kuma suka fara ƙera turok wajajen 1975. A gasar silalom, duk mazubin da ka ture, wato madadin gwangwaninmu, yawanci ana ƙara maka kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa.

Babban abin da na koya daga allon nan shi ne gaba da baya ba aikinsu ɗaya ba, kamar doki a sukuwa, linzami a baki, ƙarfi a ƙafafun baya. Turok na gama-gari irin na dogon allo kwanarsa digiri 50 ce gaba da baya. Mai silalom yakan ɗaga ta gaba ta haura haka, ya sauke ta baya zuwa wajen 35 ko ƙasa. Ba sai ka sayi sabon ƙarfe ba. Weji kawai, wato ɗan abu mai baki ɗaya siriri ɗaya kauri, za ka sa tsakanin allo da turok, na gaba da na baya duka bakinsu siriri yana duban hancin allon. Na gaba ya ƙara juyi, na baya ya rage. Ni da katakon maɗaci na fere nawa. Sannan roba mai laushi a gaba, mai tauri a baya. Rawar nan da allo ke yi idan gudu ya yi gudu, wadda ke jefar da yara a kwalta, galibi daga sakakken baya take tasowa, amma sai ka ga mutum ya kama sifana yana ta ɗaure gaba, ya kashe kwanarsa a banza.

Faɗi ma yana da magana. Gatari mai milimita 180 na dogon allo ba zai shiga matsattsen jeri ba, tayar waje ce za ta riƙa kwashe gwangwani. Wajen milimita 100 ake nema.

Tun 2019 rashin tsaro ya tarwatsa iyalai da yawa daga Sabon Birni da Isa, wasu suka tsallaka yankin Maraɗi, wasu suka nufi Sakkwato. Iyalan yayata suna cikin na Sakkwato, kuma ɗanta ne ya gaji allon. Yaro ne da ya daɗe ba ya son fita ƙofar gida, don haka gyaran allonsa ba ƙaramin abu na ɗauke shi ba. Robar da ta dace da ni ta yi masa tauri, domin bai kai rabin nauyina ba. Yana jingina, allon yana tafiya miƙe. Ya ce, "Kawu, a kwance notin gaba ɗaya." Na hana, don noti sakakke yana barin washa ta yi ƙara, kusa ta ci gefe, wata rana ta karye ana tsakar gudu. Muka canza robar gaba da mai laushi, muka bar komai yadda yake, ya gwada. Sai washegari muka taɓa weji. Idan ka canza abu biyu a tare, ba za ka san wanne ya gyara, wanne ya ɓata ba.

Zafin Sakkwato yana saurin busar da roba ta tsattsage, ƙurar hunturu kuma tana cika boris. Na sa masa ƙa'idar duba kusa da noti kafin kowane hawa, da wanke boris da kananzir duk Juma'a. Yanzu shi ke jera wa yaran layinsu gwangwanaye, kuma na ji ya fara matso da su kusa da juna.