Kallon Ƙwallo da Kuɗin Cefane

Ga magidancin da samunsa bai taka kara ya karya ba, zuwa filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata domin kallon Kano Pillars, ƙungiyar da aka kafa a 1990, shawara ce da ake yankewa tun da safe wajen ba da kuɗin cefane, wato abin da ake ware wa girkin yini. Kuɗin shiga ba shi kaɗai ba ne, domin akwai na Adaidaita Sahu, wanda ya hau tun bayan cire tallafin man fetur a 2023, ga ruwan leda, ga kuma yaron da ya riƙe gefen riga ya ce sai an je da shi. Shi ya sa wani yakan tako da ƙafa, ya zauna ɓangaren da babu rumfa, inda tikiti ya fi araha, yana kare rana da kwali. Gidan kallo, inda ake biya a ga wasannin Turai a talabijin, ya fi sauƙi, sai dai a can ba a jin dubban mutane sun ɗauki kirarin Pillars na "Sai Masu Gida" da murya ɗaya. Matuƙar an ɗora tukunya a gida, kuɗin zuwa filin wasa ba almubazzaranci ba ne.