Ziyarar Dubai Da Ƙananan Yara: A Auna Zango Da Ƙafar Ƙarami

Ya 'yan'uwa masu karatu, a 'yan shekarun nan mutane da dama daga cikin 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati sun zo neman shawararmu a kan ɗaukar iyali zuwa Dubai, ba don fatauci ba, ba kuma don neman magani ba, sai don buɗe ido kawai. Da yawansu sun sha zuwa birnin, har wani ya ce mana ya san lungunan Daira kamar yadda ya san Kantin Kwari. Mu ma haka muka zaci mun san shi, sai da Allah ya nufa muka tafi da uwargida da 'yarmu da 'ya'yanta biyu, babbar tana da shekara 3, ƙaramin bai cika 2 ba. A nan muka gane cewa Dubai ta ɗan kasuwa daban take, ta mai goyo kuma daban.

Ya kamata mai niyya ya fara sanin ƙasar da zai kai 'ya'yansa. Dubai ɗaya ce daga cikin masarautu 7 na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wadda aka kafa ranar 2 ga Disamba 1971. Kafin wannan, gari ne na masunta da masu nutso neman lu'ulu'u a bakin wani mashigin teku da suke kira Khor, sana'ar lu'ulu'un kuma ta durƙushe a shekarun 1930 bayan da Japanawa suka gano hanyar kiwonsa. Shaihu Rashid bin Sa'id Al Maktum, wanda ya yi sarauta daga 1958 zuwa 1990, shi ya sa aka yashe mashigin don jiragen kaya su iya shiga, aka buɗe filin jirgin sama a 1960, sa'an nan aka sami man fetur a 1966. Yau mazauna birnin sun haura miliyan 3 da rabi, mafi yawansu baƙi ne, kuma kusan duk ruwan da suke sha na teku ne da aka tace gishirinsa. Abin lura shi ne, gine-ginen sababbi ne, amma ranar da ke kansu ita ce dai ranar hamada ta tun fil'azal, ba ta kuwa san yaro ba.

Saboda haka shawara ta farko ita ce ta lokaci. Dogon hutun makarantunmu, watau daga Yuli zuwa Satumba, shi ne mafi munin lokacin zuwa. A watannin nan zafi yakan wuce digiri 40, ga kuma gumi irin na bakin teku wanda ba mu saba da shi ba a Arewa, har hukuma ta hana a sa ma'aikata aiki a fili daga ƙarfe 12:30 zuwa 3 na rana, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. To, abin da aka hana ƙaton lebura, yaya za a ɗora shi a kan ɗan shekara 2? Kuɗin masauki yakan sauka a lokacin, amma arahar da ba ta da amfani ce, domin gandun dabbobi na Safari da lambun furanni da wasu wuraren da yara suka fi so duk a rufe suke. Lokacin da ya dace shi ne daga Nuwamba zuwa Maris. Sai dai a lura, a shekarun nan azumin Ramadan yana faɗowa cikin wannan tsakani, kamar yadda ya kasance a Maris na 2025, yawo da yara da bakin azumi kuwa wahala ce ga uwa kafin kowa.

Mu a Disamba muka je, amma duk da haka mun yi kuskure, kuma za mu faɗe shi don wani ya tsira. Tun muna gida muka rubuta wurare 14 da za mu gani cikin kwana 6. Washegarin saukarmu muka ta da kowa da sassafe, muka manta cewa agogon Dubai yana gaba da namu da awa 3, watau ƙarfe 7 na safe a can, a jikin yaro ƙarfe 4 ne na dare. Muka zaga kasuwar zinariya, muka shiga ta kayan yaji, sa'an nan muka kama jirgin ƙasa na cikin gari zuwa Burj Khalifa. Ba mu zo da keken tura yara ba, muna cewa ai goyo ya isa. Ashe daga tashar jirgin zuwa katafaren kantin da ake bi a shiga ginin akwai wata rufaffiyar gada mai tsawon fiye da mita 800. Uwa ta goya ƙaramin, babbar kuwa ta tsugunna ta ce ƙafarta ta mutu, sai kakanta ne ya saɓa ta a kafaɗa. Da muka isa hawa na 124 na wannan gini mai tsawon mita 828, wanda muka biya kuɗi masu kauri don hawansa, su biyun duka barci suke yi. Da dare ƙaramin ya tashi da zazzaɓi da mura, saboda yawan shiga sanyin na'ura da fita rana, rana ta biyu kuwa cikin ɗaki muka ƙare ta.

A zaman wannan rana ne uwargida ta tuna mana abin da magabata suka sani. Madugun ayari, in zai yanke zango, ba ya duban amalen da ya fi ƙarfi, sai ya dubi dabbar da ta fi rauni, domin in ta kwanta a hanya ayari duka ya tsaya. Muka ɗauko takardar nan muka soke wurare 9. Muka tsai da doka: wuri ɗaya da safe, a komo masauki kafin azahar, a ci abinci a yi ƙailula, in yara sun tashi da walwala a fita wuri ɗaya bayan la'asar, in ba haka ba a zauna. Muka sayi ƙaramin keken tura yara mai naɗewa. Daga ranar tafiyar ta zama hutu, kafin nan kuwa aikin gayya ce.

Abin mamaki, wuraren da suka fi faranta wa yaran rai su ne mafi araha. Na farko shi ne ƙetare Khor a kwale-kwalen katako da ake kira abra, tsakanin Daira da Bar Dubai. Tafiyar 'yan mintoci ce, kuɗinta bai taka kara ya karya ba, ga tsuntsayen teku suna shawagi, ga manyan jiragen katako ana loda musu kaya. Sai dai kwale-kwalen ba shi da shinge sosai, don haka kowane yaro ya kasance a cinyar babba, a riƙe. Sau uku babbar ta sa muka ƙetara. A ɗaya gaɓar akwai tsohuwar unguwar Fahidi, mai ƙananan lunguna masu inuwa waɗanda mota ba ta shiga, inda yaro zai yi gudunsa hankali kwance. A nan babba ma yana da abin dubawa: hasumiyoyin iska da ake kira barjil, waɗanda ke kamo iska daga sama su sauko da ita cikin ɗaki, dabarar da mutanen dā suka yi maganin zafi da ita kafin zuwan lantarki. Wanda ya san sanyin soron ƙasa a watan bazara zai gane hikimar nan da nan.

Na biyu shi ne wurin kallon tsuntsaye na Ra'asul Khor, a ƙarshen mashigin, inda a lokacin sanyi ake ganin ɗaruruwan wasu tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da dogon wuya, launinsu fari da ja-ja, suna kiwo cikin ruwa, dogayen benaye na bayansu. Ba a biyan ko kwabo. Na uku shi ne babban tafkin kifaye na gilashi da ke cikin kantin Dubai Mall, mai ɗaukar ruwa lita miliyan 10. Ana iya tsayawa daga waje a kalli wani sashe nasa ba tare da tikiti ba, ga ɗan shekara 2 kuwa wannan ya wadatar. Sa'an nan akwai lambunan shaƙatawa na hukuma, irin na Zabil da na bakin Khor, masu ciyawa da lilo, inda iyalan Larabawa da Indiyawa ke shimfiɗa tabarma da yamma. A nan jikarmu ta yi ƙawa da wata yarinya, ba mai jin harshen wata, amma sai da kuka aka raba su.

Akwai kuma abin da muke ba da shawarar a bari sai yara sun girma. Tseren mota a kan tuddan yashi, wanda ake tallarsa a kowane masauki, jijjiga ce mai tsanani, kamfanoni da yawa ma ba su karɓar ƙananan yara ko mai juna biyu. Wanda ke son 'ya'yansa su taɓa rairayin hamada, ya nemi a kai shi a hankali da yamma, ya tafi da rigar sanyi, domin hamada takan yi sanyi da faɗuwar rana. Babban masallacin Shaihu Zayid da ke Abu Dabi, wanda aka buɗe a 2007, mai ƙubba 82, ya cancanci gani, amma tafiyar kusan awa ɗaya da rabi ce a mota, sai a ba shi yini guda shi kaɗai.

Game da zirga-zirga, jirgin ƙasan nan da aka buɗe a 2009 yana da tarago na mata da yara, namiji baligi ba ya shiga, kuma yaron da bai kai shekara 5 ba ba ya biya. An hana ci da sha a cikinsa, akwai tara, don haka a ciyar da yaro kafin a shiga, a kuma guje masa lokacin tafiya aiki da tashi. Akwai tasi masu rufi ruwan hoda waɗanda mata ke tuƙawa domin mata da iyali. Tun 2017 dokar ƙasar ta wajabta kujerar yara ta musamman a mota ga ɗan shekara 4 zuwa ƙasa, sai mai hayar mota ya nemi a sa masa ita. A masauki kuwa, ɗakin da ke da wurin girki ya fi otal mai ƙawa, domin yaron da ya saba da kunu da tuwo ba lalle ne ya karɓi abincin baƙi ba. Ƙullin garin kunu da muka tafi da shi ya yi mana ranar da zinariya ba za ta yi ba.

Salla ba ta da wuya a birnin, domin manyan kantuna da tashar jirgin sama duk suna da masallatai na maza da na mata, da ɗakunan shayarwa. Amma a kula da abu biyu. Na ɗaya, alƙibla a Dubai yamma take, ba gabas ba, domin Makka tana yamma da su, kada sabo ya sa mutum ya dubi mafitar rana. Na biyu, a mazhabarmu ta Malikiyya, wadda ita ce ta gidan sarautar Dubai ma, matafiyin da ya yi niyyar zaman kwana 4 cikakku a wuri ɗaya ya daina ƙasaru, saboda haka mai hutun mako guda cika sallarsa zai yi da zarar ya isa. Tun Janairun 2022 kuma hutun ƙarshen makonsu ya koma Asabar da Lahadi, a ranakun nan ne wuraren yara suka fi cika.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kowane yaro, ko jariri ne, sai da fasfonsa da bizarsa, a riƙe takardar haihuwa da katin rigakafi. Sha'anin biza ga 'yan Nijeriya ya sha canzawa: an dakatar da ita a 2022, aka komo da ita a Yulin 2024 da sharuɗɗa, don haka kada a biya kuɗin jirgi ko masauki sai biza ta fito, kuma an tabbatar da halin da yankin yake ciki. A tafi da maganin zazzaɓi na yara da garin ruwan gishiri da sukari, amma duk maganin da ke da kodin ko tiramadol a bar shi gida in babu takardar likita, domin dokarsu a kan wannan mai tsauri ce. A yi inshorar lafiya, asibiti a can yana da tsada. A rubuta sunan masauki da lambar waya a sa a aljihun yaro. Kada kuma a ɗauki hoton mutane ba da izininsu ba, laifi ne a can.

Daga ƙarshe sai maganar kuɗi. Dirhami a ɗaure yake da dalar Amurka, dirhami 3.67 a dala ɗaya, saboda haka duk faɗuwar Naira kai tsaye take shiga aljihun matafiyi. Ɗan kasuwa kada ya taɓa uwar kuɗi, ma'aikaci kada ya ci bashin albashin gobe, don tafiyar da yaron da aka yi dominsa ba zai tuna ta ba in ya girma. Da muka komo gida, maƙwabta suka tambayi jikarmu abin da ta gani a Dubai. Ba ta ambaci ginin da ya fi kowane gini tsawo a duniya ba. Cewa ta yi ta shiga kwale-kwale, kuma kakanta ya ɗauke ta a kafaɗa. Wanda Allah ya hore masa, ya je, ya tafi a hankali. Wanda bai sami iko ba, kada ya ƙuntata, kafaɗar nan yana da ita a gida.

Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo da su lafiya, ya raya mana zuriya. Haza wassalam.