Yadda Ake Gane Karen Kirki: Daga Mafarautan Ngurore Zuwa Alƙalan Ingila

Kare dabba ce da Bahaushe ya raina a baki, amma ya kasa rabuwa da ita. In ana son a ci mutuncin mutum sai a kira shi kare. Yaron da ke bin direba ana ce masa karen mota, wanda kuma ke yi wa wani babba aikin ɓarna a siyasa a ce karen farautarsa ne. Duk da haka, Bahaushen nan dai shi ne ya ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Wato ke nan ya san akwai ranar da ba a yi sai da kare, kuma ya san ba kowane kare ne ke fid da mai shi kunya ba. Tambayar da nake so mu duba tare da mai karatu ita ce: da me ake gane karen kirki, kuma wane ne ya cancanci ya yanke wannan hukunci?

Ni da Fillanci na buɗe baki. A Ngurore aka haife ni, garin da ke Ƙaramar Hukumar Yola ta Kudu a kan hanyar Numan, wanda aka fi sani da kasuwar shanu. Hausata a wurare uku na tsince ta: kasuwa, da makaranta, da kuma zauren kawuna, wanda ya shafe fiye da rabin rayuwarsa yana farauta. A gida Fillanci muke yi, kare ma rawaandu muke ce masa, amma da zarar abokan kawu sun taru da gororinsu da addunansu, sai zance ya koma Hausa, domin kuwa kirarin da kiɗan da sunayen namun dajin duk da Hausa suke yin su. A bakinsu na fara jin gyazbi da gafiya da fakara da gada, tun kafin in gan su a rubuce. Saboda haka ranar da na ga hoton bidiyon wata gasar karnuka ta Ingila, inda wani dattijo sanye da kwat yake buɗe bakin kare yana duba haƙoransa, abin bai zame mini baƙo ba. Na sha ganin kawu yana yin haka.

Su Turawan Ingila sun daɗe da mai da wannan abu sana'a. A shekarar 1859 aka yi gasar nunin karnuka ta farko irin ta zamani a birnin Niyukasil, kuma karnukan farautar tsuntsaye ne kaɗai aka kai, kyautar ma bindiga ce. A 1873 aka kafa ƙungiyar Kennel Club domin ta tsara dokoki ta kuma riƙa rubuta asalin karnuka. Gasar Crufts kuwa, wadda Charles Cruft ya fara a 1891, har yau ana yin ta duk shekara a Bamingam. A cikin karnukan da ake kaiwa akwai wani rukuni da zan kira karnukan ɗauko, saboda aikinsu ke nan. Su ba sa kora, ba sa kisa. Maharbi ne zai harbo agwagwar ruwa ko wani tsuntsu da bindiga, sa'an nan a tura kare ya nemo shi a cikin ciyawa ko a ruwa, ya kawo har hannun mai shi. Mafi shahara a cikinsu shi ne Labrado, wanda ƙungiyar ta amince da shi a matsayin iri mai zaman kansa a 1903.

Alƙalancinsu iri biyu ne. Na farko shi ne na fili, inda ake duba sura. Alƙali zai dubi yadda haƙoran sama suka hau kan na ƙasa, ya shafa gashi ya ji ko yana da kaurin da zai hana ruwan sanyi ratsa jiki, ya dubi ƙirji da wutsiya, sa'an nan ya sa a zaga da karen ya ga tafiyarsa. Na biyu shi ne na daji, inda ake harbin tsuntsaye na gaske. A nan dole kare ya tsaya shiru kusa da mai shi ana ta harbi, kada ya motsa sai alƙali ya ba da izini. In ya zabura da kansa, an fitar da shi. In ya yi haushi ko kukan ƙosawa, an fitar da shi. In ya ƙi shiga ruwa, haka. In aka tura shi ya kasa gano tsuntsu, aka tura wani ya gano, to na farkon ya tafi gida. Abin da ya fi burge ni shi ne, idan kare ya kawo tsuntsu, alƙali yakan karɓa ya lalubi haƙarƙarinsa da yatsu. In ya ji ƙashi ya karye, alamar karen ya datse shi da ƙarfi ke nan, kuma wannan laifi ne da ba a yafewa, komai gudun karen da kyansa.

A wajenmu aikin kare ya bambanta. Farautarmu ta rani ce, bayan an kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe. Ana fita ne a ƙungiya, da ganga da ƙaho, kuma kare shi ne zai tayar da nama, ya kora, ya kama. Don haka abin da kawu ke nema a jikin kwikwiyo ba shi ne abin da Bature ke nema ba. Yakan so mai zurfin ƙirji da shafaffen ciki da dogayen ƙafafu. Yakan juya dagin ya ga ko yatsun a haɗe suke, domin mai buɗaɗɗen dagi ƙaya ce za ta gama da shi. Yakan kuma tambayi uwar kafin ya dubi ɗan, yana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ba shi da takardar asali ko ɗaya, amma zai lissafa maka kakannin karyarsa Guguwa har hawa huɗu, da garin da aka samo kowanne.

To amma duk wannan share fage ne. Na taɓa tambayarsa, na ce, "Kawu, tsakanin mai gudu da mai hanci wanne ya fi?" Sai ya ce, "Ɗana, duk ba su kai mai amana ba. Karen da zai kama zomo a bayan tudu, ba wanda ke ganinsa, ga yunwa tun safe, amma ya tsaya a kansa har ka iso, shi ne kare. Wanda zai shige kurmi da shi ya cinye, ai kansa yake yi wa farauta, kai rakiya ka yi masa." Wannan magana ita ce ta dawo mini da na ga alƙalin Ingila yana lalube haƙarƙarin agwagwa. Su biyun ba su taɓa jin labarin juna ba, amma abu guda suke aunawa, wato ko dabbar ta iya danne son ranta saboda mai ita.

Hasali ma maganar ta girmi su duka. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo wa masu su, idan an ambaci sunan Allah. A hadisin Adiyyu ɗan Hatim kuma, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, an hana shi cin naman da karen ya riga ya ci daga gare shi, don gudun kada ya zama kansa ya kama wa. Malamai sun yi saɓani a kan wannan. Malikiyya ba su sanya rashin cin a matsayin sharaɗi ba, a wajensu horarren kare shi ne wanda in an tura shi zai tafi, in an tsawata masa zai tsaya. Ko ta wace fuska aka duba, horo ne abin lura, kuma horo ba ya samuwa dare ɗaya. Shi ya sa ake cewa ba a kiwon kare ranar farauta.

Sai dai auna kare shi ne mai sauƙi. Mai wuyar shi ne auna masu karnukan. Duk wanda ya san farauta ya san ba abin da ke jawo zub da jini kamar gardama a kan nama, musamman in karnuka biyu suka taru a kan dabba ɗaya. Ina da shekara goma sha biyar na ga irin wannan a wata fadama da ke tsakaninmu da Kogin Binuwai. Karnuka biyu suka bi gada cikin ciyawa, kafin mutane su iso ta riga ta faɗi, kowanne yana tsaye a kanta. Ɗaya na babban ɗan kawu ne, ɗayan kuma na wani baƙo ne da ya biyo ayarin daga wani ƙauye, ba shi da kowa a cikinmu. Nan da nan aka zare adduna, samari suka koma bayan ɗan gida. Kawu shi ne babba a wurin, don haka aka ce ya raba.

Bai yi wa kowa magana ba. Ya durƙusa ya juya gadar, ya dubi cizon da ke maƙogwaro, ya dubi na cinya. Ya kira karnukan ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe bakinsu, ya gwada tazarar fiƙoƙinsu da ramukan cizon. Karen baƙon ƙarami ne, kuma ramukan maƙogwaron matsattsu ne. Sai ya miƙe ya ce, "Na maƙogwaro shi ya kashe. Malam, ɗauki namanka." Ɗansa ya ce, "Baba, ai nawa ne ya tayar da ita." Kawu ya ce, "Na ji. Za a ba ka cinyar da karenka ya kama, ba ƙari." Ɗan nan ya yi kusan wata guda ba ya zama a zauren mahaifinsa, kuma wasu daga cikin samarin sun daina fita da kawu a wannan rani. Baƙon kuwa, da shekara ta zagayo, sai ga shi da kwikwiyo a cikin buhu ya kawo wa kawu. Ita ce uwar Guguwa.

Na kawo wannan labari ne domin Turawan ma sun sha fama da matsalar. A gasar 1859 da na ambata, karen da ya ci ɗaya daga cikin rukunonin biyu na ɗaya daga cikin alƙalan ɗaya rukunin ne, abin da har yau masu rubuta tarihin gasar ke ambatawa. Su sun magance abin da rubutattun dokoki da horar da alƙalai. Mu kuwa dokarmu tana cikin kan dattawa irin su kawu da masu sarautar Sarkin Baka, kuma ƙarfinta bai wuce mutuncin mai yanke hukuncin ba. In ya karkata sau ɗaya, ba wanda zai sake ajiye addarsa don ya yi magana.

Akwai kuma darasin da ya kamata mu ɗauka daga kuskurensu. A 1932 da 1933 wani Labrado mai suna Bramshaw Bob ya zama zakaran Crufts baki ɗaya, alhali kuma zakara ne a gasar daji. Yau irin ya rabu biyu: na nuni masu jiki da nauyi, na aiki kuma sirara masu zafin nama, kuma da wuya ka ga kare guda ya yi fice a duka biyun. Ƙungiyar da kanta ta ga haka, shi ya sa karen farauta ba ya samun cikakken laƙabin zakara a Ingila sai ya nuna ya iya aiki a daji. Karen Azawak na Buzayen Nijar da Mali ma ya bi wannan hanya. An fara kai shi Turai a shekarun 1970, ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta amince da shi a 2019, yanzu ana zagayawa da shi a gaban alƙalai a ƙasashen da bai taɓa ganin barewa ba. A Jimeta kuwa samari na kashe kuɗi masu yawa a kan karnukan waje don ado, namu na gida ana jifansu da dutse, ba wanda ya damu ya san irinsu.

Gaskiya ne farautar kanta tana ja da baya. Gonaki sun cinye dajin da ake zuwa, naman ya yi ƙaranci, kuma wurare irin su gandun Gashaka-Gumti, wanda ya ratsa Taraba da Adamawa, doka ta hana farauta a cikinsu, wanda kuma daidai ne. Amma mafarauta ba su zama tarihi ba. Mutanen Adamawa ba za su manta da rawar da suka taka tare da sojoji wajen ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram a watan Nuwamba na 2014 ba. Sanin daji da suka yi amfani da shi a lokacin, a bayan karnuka da yawansu suka koye shi. Abin da ya rage musu shi ne su riƙa kai karnukan nan allurar rigakafin ciwon hauka, domin kare mai amana ma in ya kamu, yaran gida zai fara cizo.

Daga ƙarshe, kirana ga 'yan'uwana ɗalibai ne. Kowace shekara muna neman batun kundin kammala digiri, mu yi ta maimaita abin da aka riga aka rubuta, alhali ga fage nan a buɗe. Sunayen da mafarauta ke raɗa wa karnuka, da kalmomin da suke kiransu da su ko tsawata musu, da siffofin da suke dubawa a jikin kwikwiyo, da ƙa'idojin rabon nama idan an yi gardama, duk ilimi ne da ke cikin harshe, kuma masu shi tsufa suke yi. Turawa sun fara rubuta nasu tun 1873. Wanda duk ke da dattijon mafarauci a garinsu, ya ɗauki littafi da na'urar ɗaukar magana ya je ya same shi a wannan hutun, tun yana da ƙarfin ba da labari.