Tamanrasset Ta Cikin Gwangwanin Madara

Duk baƙon da ya sauka Tamanrasset da kyamara rataye a wuya, mun san inda ya nufa tun bai tambaya ba. Asekrem za shi. Zai yi tafiyar kilomita 80 ko kusa da haka bisa hanyar duwatsu, ya kwana cikin sanyi a kan tudun da ya haura mita 2,700, kusa da ɗan ɗakin ibadar da Charles de Foucauld ya gina a 1911, don kawai ya ga fitowar rana a kan tsaunukan Ahaggar. Ba mu ga laifinsa ba, wurin ya cancanci wahalar. Sai dai hoton da zai koma gida da shi, dubban mutane sun riga shi ɗauka.

Manyanmu suna tuna shekarun 1980, lokacin da Turawa ke ratso sahara da tsofaffin motocin Fijo, su yada zango a nan kafin su wuce su sayar da su a Arlit ko Agadas. A hotunansu akwai raƙumi, akwai Ba'abzine da rawaninsa, akwai dutse. Mu kuwa Hausawan garin, masu ɗinki da masu shayi da magina da 'yan koli, ba mu ciki. Ranar da muka fara shiga hotunan duniya sosai ita ce daga watan Disamba na 2014, da aka soma jigilar 'yan Nijar ana mayar da su gida ta In Gezam da Asamaka. Daga nan in ka ga Bahaushen Tamanrasset a jarida, to a bayan babbar mota yake, da ƙunshin kayansa a ka.

Wannan ne ya sa da muka ji labarin wani tsohon mai hoto da ke tara yaran unguwa yana koya musu sana'arsa a dogon hutun makaranta, muka ce sai mun je mun gani da idonmu.

Shagon nasa yana wani lungu ne a Gat el Wad, ɗaki da rabi. A gaba akwai labule mai zanen fure inda mutane ke tsayawa, da kwamfuta da injin buga hoton katin shaida, wanda shi ne abincinsa yanzu. Rabin ɗakin na baya shi ne ɗakin wankin hoto, ya yi shekaru a rufe ana tara tarkace a ciki. Jikarsa ce ta matsa masa ya buɗe, ta jawo ƙawayenta, su ma suka jawo 'yan'uwansu, har suka kai tara, 'yan shekara 13 zuwa 17. Ba kuɗi yake karɓa ba. Sharaɗinsa guda ne: kowa ya zo da gwangwanin madara.

Da gwangwanin nan aka fara. A shafe cikinsa da baƙin fenti, a huda ɗan ƙaramin rami da tsinin allura, a saka takardar hoto a ciki cikin duhu, a toshe ramin da salatif. Sai yaro ya fita ya dasa gwangwanin bisa dutse, ya buɗe ramin, ya ƙirga zuwa talatin ko arba'in, ya rufe. Shi ke nan. Yaran da kowannensu ya saba latsa waya sau ɗari a wuni, sai ga shi an ba shi hoto ɗaya tak, kuma ba zai ga abin da ya ɗauka ba sai an wanke. Wani yaro mai son karatu ya ce ai malaminsu ya taɓa gaya musu Ibnul Haisam ya yi bayanin wannan ɗaki mai duhu a littafinsa na ilmin gani, a Alƙahira, shekaru dubu da suka wuce. Tsoho ya ce, "To ka gani, ɗana. Shi ma da rami ya fara."

Mun shiga ɗakin bayan mu biyar, aka ja ƙofa, aka cusa tsumma a ƙarƙashinta. Jan ƙwan lantarki kaɗai ke ci, domin takardar baƙi da fari ba ta jin jan haske. Kwanoni uku ne a jere: na farko maganin da ke fito da hoton, na biyu ruwa da ɗan binigar mai tsayar da aikin na farko, na uku maganin da ke kafe hoton don kada haske ya ɓata shi. Jama'a, duk wanda bai taɓa ganin farar takarda tana rikiɗa cikin ruwa ba, akwai abin da ya rage masa. Minti ɗaya ba komai, sai inuwa, sai katanga, sai ga bishiyar bakin rafi ta fito, sama baƙi ƙirin, ƙasa fari. Dodon hoto ke nan. Wata yarinya ta saki salati da ƙarfi har muka yi dariya.

Wahalar aikin a garin nan ba ta rasa nasaba da garin kansa. Maganin wanki yana son sanyin digiri 20, alhali ruwan famfo a watan Yuli ɗumi gare shi, ko da yake tudunmu na mita 1,300 da ɗoriya ya sa zafinmu bai kai na In Salah ba. Don haka kullum sai an aiki yaro ya sayo ƙanƙara. Ga ƙura, wadda ko ƙwaya ɗaya ta sauka bisa jiƙaƙƙen fim sai ta bar tabo. Ga nisa: takarda da magani sai an yi saƙonsu daga Aljaza'ir babban birni, tafiyar kusan kilomita 2,000. Ruwa kam an sami sauƙi tun 2011 da aka jawo bututu daga In Salah, tsawon kilomita 750. Tsoho ya ce a da da ruwan tanka na saye yake ɗauraye hotuna, kuma ba ya zubar da shi sai ya wanke na mutum goma.

Bayan mako biyu ya fito musu da tsohuwar kyamararsa da fim mai ɗaukar 36, ya ce kowa hoto huɗu ne rabonsa, kuma na mutane yake so, ya gaji da katanga. A nan aka gamu da cikas. Mun bi jikar tasa zuwa gidan wata dattijuwa 'yar ƙasar Damagaram mai sayar da ƙosai, wadda ta fi shekara talatin a Tahaggart. Yarinya ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce, "Inna, ina so in ɗauke ki hoto." Dattijuwa ta dube ta, ta dubi kyamara, ta ce, "Wa zai gani, ɗiyata?"

Tambayar tana da tushe. A unguwanninmu akwai mai takarda, akwai wanda tasa ta ƙare, akwai wanda bai taɓa yi ba, kuma hoton da ya faɗa hannun da bai dace ba yana iya raba mutum da gidansa. Ƙasar nan ma ta san zafin kyamara. A 1960 wani sojan Faransa, Marc Garanger, ya ɗauki hotunan mata wajen 2,000 a ƙauyukan arewa bisa umurnin manyansa, aka tilasta musu cire lulluɓi don a yi musu katin shaida. Har yau wanda ya dubi idanun matan nan ba ya mantawa.

Amma rashin hoton shi ma yana da nasa ciwon. Duk wanda ɗan'uwansa ya taɓa ɓacewa tsakanin Arlit da nan ya san abin da ake fara tambayarsa: kana da hotonsa? A watan Oktoba na 2013 mutum 92 suka mutu da ƙishirwa a kan wannan hanya, galibinsu mata da yara. Tsakanin tsoron hoto da buƙatar hoto muke zaune, kuma a ganinmu darasin da ya fi kowanne daraja a shagon nan shi ne wanda tsoho ya yi a kan haka. Ba a ɗaukar mutum sai da yardarsa. A gaya masa inda hoton zai je. A ba shi nasa a hannu kafin kowa ya gani.

Da aka zo kan waya da kwamfuta, yaran ne suka zama malamai, tsoho ya koma ɗalibi, yana ta mitar cewa yatsansa ya yi kauri. Duk da haka ya riƙe abu biyu bai sake ba. Na farko, kada a saka fuskar kowa a Facebook ko TikTok ba da izininsa ba, a kuma kashe abin da ke liƙa wa hoto wurin da aka ɗauke shi. Na biyu, hoton da ya yi kyau a buga shi a takarda, a rubuta suna da shekara a bayansa, domin waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, ana sayar da ita ranar da babu. Ya ba su misalin Malick Sidibé na Bamako, wanda ya adana dodannin hotunan matasan garinsu a cikin akwatuna, har aka ba shi babbar lambar yabo a Banis ta ƙasar Italiya a 2007, da kuma Philippe Koudjina da ya ɗauki darare da bukukuwan Yamai bayan samun 'yancin kai.

Inna mai ƙosai sai a zuwa na uku ta yarda, shi ma da sharuɗɗa. Ba a bakin kasko ba, sai ta sa zanen salla. Kuma kwafi biyu: ɗaya nata, ɗaya a aika wa ƙanwarta a Matamaye. Ranar da aka kai mata, ta goge hannu a gefen zane, ta riƙe takardar da nisa saboda idonta, ta daɗe tana kallo. Can sai ta ce, "Allah Sarki. Wannan ai uwata ce." Ta ɗaga katifa ta saka shi a ƙasa, sa'an nan ta ƙunsa wa yarinyar ƙosai, ta ce in an sake wani hutu ta dawo ta ɗauki jikokinta.