Gida a Kan Taya Huɗu

Motar da aka mai da ita ɗakin kwana, ga gado, ga tankin ruwa, takan kai tan 3.5. Birki da sifirin ne ke fama da nauyin nan, ba mai tunawa da su. Bayan doguwar gargada nakan tsuguna in duba shokozoba: zafi zau, wani lokacin mai na tsattsafowa, ƙura ta manne. Man birki kuwa a ɓoye yake shan danshi, sai a gangara ya tafasa, birki ya yi laushi. Shi ya sa ake sauya shi duk shekara 2. Na fi natsuwa da direban da ke leƙa ƙarƙashin motarsa kafin ya ɗauki hanya.