Zaɓen 'Yan Wasa a Dandalin Muny

Dandalin Muny na birnin St. Louis a Amurka ba shi da rufi, kuma yana ɗaukar 'yan kallo kusan 11,000. Kowace bazara yakan gabatar da wasannin waƙa da rawa guda bakwai, atisayen kowanne bai kai mako biyu ba.

Ƙurewar lokacin nan ita ke juya akalar zaɓen 'yan wasa. Mai nema yakan rera guntun waƙa a sallame shi. Idan bai dace ba, sai baɗi. Zaƙin murya kaɗai ba ya wadatarwa. Ana neman wanda zai haddace rawa yau, gobe ya maimaita ta cikin zafin Yuli, wanda kuma na kujerar ƙarshe zai gane fushinsa daga takunsa, tunda daga can ba a ganin fuska.