Auren kamfanonin jirgin sama: abin da matuƙa ke kuka da shi

Ɗan kasuwar da ya saba tashi daga Yamai zuwa Paris tun shekarun 1980 ya shaida wannan al'amari da idonsa, ko da bai tsaya ya sa masa suna ba. A 1990 kamfanin Air France ya sayi UTA, a 1992 sunan UTA ya ɓace daga jikin jirage, a 1997 kuma Air Inter ta bi sahu. Abin da fasinja ya gani bai wuce sabon fenti da sabon tikiti ba. To amma can gaba, bayan ƙofar da ba a buɗe wa kowa, akwai mutum biyu zaune, kwamandan jirgi da mataimakinsa, kuma a wurinsu haɗewar kamfani biyu ba ta ƙarewa ranar da shugabanni suka sa hannu suka sha hoto. Inda wannan rigima ta fi fitowa fili, har ta kai gaban alƙalai, shi ne ƙasar Amurka, don haka can ya kamata a duba.

Sai an fahimci abu guda tukuna, wato jerin girma. Ranar da kamfani ya ɗauki matuƙi, yakan ba shi lamba, kuma wannan lamba ita ce rayuwarsa. Ita ke faɗin ranar da zai tashi daga kujerar dama ya koma ta hagu ya zama kwamanda, ita ke faɗin ko zai tuƙa ƙaramin jirgi tsakanin garuruwa ko babba mai ƙetare teku, ita ke raba ranakun hutu, ita ce kuma ke nuna wanda za a fara sallama in kasuwa ta faɗi. Ma'aikacin gwamnati da ke ƙirga shekarunsa yana jiran ƙarin girma zai ce ai ya san wannan. Bai san rabinsa ba. Shi in an yi masa canjin wurin aiki daga Tawa zuwa Damagaram, da shekarunsa yake tafiya. Matuƙin Amurka kuwa, ko ya shekara 25 yana kwamanda, in ya bar kamfaninsa ya shiga wani, ƙarshen layi zai koma, a bayan yaron da aka ɗauka jiya. Saboda haka in aka ce kamfani biyu sun zama ɗaya, tambayar farko a bakin kowane matuƙi ita ce: yaya za a saƙa jeri biyu su zama ɗaya? Masu motocin haya sun san ɗacin wannan tambaya, domin in aka haɗe tasha biyu, ba a kan sunan sabuwar tashar ake faɗa ba, a kan wanda zai fara lodi ne.

A 2005 America West, matashin kamfani mai mazauni a jihar Arizona, ya haɗu da US Airways, tsohon kamfani na gabashin ƙasar wanda ya faɗa cikin fatara sau biyu a shekara uku. Matuƙan gabas suka ce a bi ranar ɗauka aiki, tunda da yawansu sun yi shekaru masu yawa. Na yamma suka ce a'a, kamfaninku yana bakin kabari muka same shi, ɗaruruwan mutanenku ma an riga an sallame su suna zaune gida, ta yaya wanda ba shi da kujera zai zo ya tashe mu daga tamu? Kowa da gaskiyarsa. Aka kai maganar gaban mai sasantawa George Nicolau, da alkawarin duk abin da ya yanke ya zauna. A watan Mayu na 2007 ya yanke: ya ajiye wasu manyan matuƙan gabas a sama, ya cuɗa saura, ya sa waɗanda aka sallama a ƙasan jeri. Mutanen gabas, da yake sun fi yawa, sai suka juya wa hukuncin baya, a 2008 suka kada ƙuri'a suka fice daga babbar ƙungiyar matuƙa ta ALPA, suka kafa tasu sandika mai suna USAPA. Abin da ya biyo baya shi ne shekaru na shari'a tsakanin ma'aikatan kamfani ɗaya. Da yake babu jeri guda, babu sabuwar yarjejeniyar albashi, sai suka ci gaba da karɓar albashin zamanin fatara. Wanda ya ci ribar wannan gardama ba ya cikinsu. Yana ofishin kuɗi.

Cikin waɗannan matuƙa na gabas har da Chesley Sullenberger, wanda ya saukar da jirginsa a kan kogin Hudson ranar 15 ga Janairu 2009, mutum 155 duka suka tsira. Wata guda bayan haka ya tsaya gaban majalisar dokoki ya shaida cewa an rage masa kashi 40 cikin 100 na albashinsa, kuɗin fanshon da ya dogara da su kuma an soke. Duniya na tafa masa, shi kuwa yana gargaɗi cewa ƙwararru za su guje wa sana'ar.

Batun horo kuwa, a auren United da Continental ya fito sarari. An ɗaura shi ranar 1 ga Oktoba 2010, aka ɗauki sunan United da tambarin Continental. Gidajen biyu ba tarbiyya ɗaya suka samu ba. Matuƙan United suna tinƙaho da makarantarsu ta birnin Denver, kuma ba a banza ba. Bayan haɗarin Portland na 1978, inda mai ya ƙare wa jirgi a sama alhali kwamanda ya shagala da matsalar taya, na ƙasa da shi kuma ba su matsa masa da ƙarfi ba, kamfanin ne ya fara koya wa matuƙansa a 1981 cewa dole ƙarami ya buɗe baki, dole babba ya saurara. A 1989, sa'ad da injin wani jirginsu ya tarwatse ya lalata duk hanyoyin sarrafa shi, matuƙan suka haɗa kai suka kai shi filin Sioux City, fiye da mutum 180 cikin 296 suka rayu, kwamandan kuma ya danganta abin da wannan horo. Ita ma Continental tana da nata tarihi, mai ɗaci: a 1983 shugabanta Frank Lorenzo ya fake da dokar fatara ya yaga yarjejeniyar ma'aikata, ya ɗauko waɗanda suka yarda su yi aiki a lokacin yaji. Irin wannan tabo ba ya gogewa da sabon fenti.

Kafin hukumar kula da sufurin sama ta ƙasar, FAA, ta ba da takardar izini guda, sai littattafan aiki biyu sun zama ɗaya. Kada mai karatu ya ɗauka ƙaramin abu ne. Cikin ɗakin tuƙi kusan komai a tsare yake: wa ke taɓa wane maɓalli, wace kalma ɗaya zai furta, wace ɗayan zai mayar, me hannu zai yi in iska ta juya farat ɗaya ana dab da sauka. An maimaita waɗannan abubuwa har sun bar kai sun koma cikin hannu, domin a lokacin tsoro kai yakan tsaya, hannu ne ke aiki. Matuƙan tsohon United suka ce an canza musu waɗannan ɗabi'u masu yawa a ɗan lokaci, kuma maimakon a zaunar da su a aji da malami, ko a sa su cikin na'urar kwaikwayon tuƙi su gwada har jiki ya saba, sai aka ce kowa ya buɗe kwamfuta ya bi darasi shi kaɗai. A watan Satumba na 2011 sandikarsu ta kai ƙara kotun tarayya a New York tana neman a jinkirta. Kamfanin ya amsa cewa FAA ta duba tsarin ta amince, kuma kukan dabarar ciniki ce kurum, tunda ana tsakiyar jayayya a kan albashi. Alƙali bai ba matuƙan abin da suka nema ba. A cikin watan nan ne kuma ɗaruruwan matuƙan kamfanonin biyu suka yi jerin gwano da kakinsu a unguwar Wall Street.

Wa ke da gaskiya? Ba a musun cewa kukan ya zo daidai lokacin ciniki. A Amurka dokar da ke kan ma'aikatan jirgin sama, wadda asalinta ta ma'aikatan jirgin ƙasa ce ta 1926, ta sa yajin aiki ya yi wuya ƙwarai: yarjejeniya ba ta mutuwa, sai dai a ce lokacin gyaranta ya yi, kuma ba a ajiye aiki sai hukumar sasantawa ta tarayya ta saki ɓangarorin, abin da kan ɗauki shekaru. Wanda aka ɗaure wa hannu da baki yake faɗa, kuma kalmar da ta fi saurin kai wa kunnen jama'a ita ce haɗari. Ga shi matuƙan United suna da tsohon ciwo, domin a zaman fatarar kamfanin daga 2002 zuwa 2006 an zabge musu albashi, an rushe asusun fanshonsu. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai kasancewar mutum yana da riba cikin magana bai mayar da maganar ƙarya ba. Mai sayar da gishiri in ya ce miya ta yi lami, a ɗanɗana tukuna. Shi ma kamfanin ai yana da tasa ribar: sa'a guda cikin na'urar kwaikwayo kuɗi ce mai yawa, matuƙin da ke makaranta ba ya ɗaukar fasinja, ga dubban matuƙa, ga alkawarin rage kashe kuɗi da aka yi wa masu hannun jari. Amincewar hukuma kuwa tana nufin an cika mafi ƙarancin sharaɗi, ba ta nufin an yi abin da ya fi kyau. Mutumin da ya shekara 20 hannunsa na zuwa wuri guda, karanta shafi a allo ba ya isa ya sake masa hanya. Duk sofan da ya taɓa barin mota mai sitiyari a hagu ya hau mai shi a dama zai ba da shaida. A nan, hujjar matuƙan ta fi nauyi, ko da bakin da ya faɗe ta yana neman ƙarin albashi.

Akwai waɗanda suka bi wata hanya. Delta da Northwest sun daidaita da matuƙansu a kan yarjejeniya guda tun kafin a kammala haɗewar a watan Oktoba na 2008, jerin girma kuma ya fito kafin shekarar ta ƙare. Air France da KLM, da suka haɗu a 2004, sai suka bar kowane gida da matuƙansa da jerinsa.

United ta samu takardar izininta guda a ƙarshen Nuwamba 2011. Yarjejeniyar albashi ba ta samu ba sai Disamba 2012, jerin girma kuwa sai Satumba 2013. Tsawon shekara uku ke nan kamfanonin suna ƙarƙashin inuwa ɗaya, amma matuƙin tsohon United da na tsohon Continental ba su zama kujera da kujera. Na US Airways da America West ba su ga ƙarshen tasu rigimar ba sai da kamfaninsu ya sake haɗewa da American a 2013, aka zuba su cikin jeri na uku wanda ya fito a 2016, shekara 11 bayan ɗaurin auren farko. Da yawa daga cikin waɗanda suka fara shari'ar sun riga sun kai shekarun ritaya sun ajiye hula.